Cire Haƙori Ba Shi Ne Ƙarshen Magana Ba

Akasarinmu ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci, kuma buƙatarmu ɗaya ce: a cire. Da zarar an cire sai mu yi hamdala, alhali ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Daga ranar ce ƙashin muƙamuƙin da ya riƙe saiwar yake fara zaizayewa.

Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa gwargwadon nauyin da yake ɗauka, yana kuma raguwa idan aka sauke masa. Wani bincike da Lars Schropp da abokan aikinsa suka gudanar a Denmak, aka buga a 2003, ya nuna faɗin ƙashin gurbin yana raguwa da kusan rabi cikin wata 12, kuma kashi biyu cikin uku na wannan asara a wata 3 na farko take aukuwa.

Na ga ma'anar waɗannan alƙaluma a fuskar kawuna. An yi ta cire masa haƙora ɗaya bayan ɗaya, har kumatunsa suka lotsa. Haƙoran robar da muka haɗa kuɗi aka yi masa sun ƙi zama, don babu tudun da za su hau. Ya haƙura da tsire, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne barin limancin unguwa, saboda haruffa sun daina fita yadda yake so.

Kariya ta farko ba ta cin ko sisi: gudan jinin da ke cike ramin, wanda a kansa sabon ƙashi yake fara ginuwa. Taba sigari, kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, da sa harshe ko tsinke a wurin, duk suna iya tumɓuke shi. Ta biyu ita ce likita ya cike ramin da garin ƙashi ya rufe da siririyar fata, abin da ke rage zaizayewar ko da bai hana ta gaba ɗaya ba. A nan Musulmi yana da haƙƙin tambaya, domin wasu kayan daga saniya ake samo su, wasu daga alade, wasu kuwa haɗin masana'anta ne.

Ta uku ita ce jinya da haske. A 1967 Endre Mester na ƙasar Hungari ya lura gashin ɓerayen da ya haska wa leza mai rauni ya fi saurin tsirowa. Yau ana haska jan haske marar zafi a kan dasashi domin zaburar da ƙwayoyin halitta. Akan yi amfani da shi wajen rage raɗaɗi da kumburi, amma hujjar cewa yana gina ƙashi galibi daga gwajin dabbobi da ƙananan bincike take. Saboda haka ina kallonsa a matsayin mataimaki, kuma ba zan shawarci kowa ya sayar da akuyarsa dominsa ba.

Abin da nake roƙon mai karatu shi ne, kafin a ɗaga allura ya tambayi likita: shin ana iya ceton haƙorin? In ba a iyawa, me za a yi wa ƙashin? Amsar ta fi amfani tun haƙorin yana baki.