A Tambayi Mai Zama a Baya



Mu biyu ne, wa da ƙane, kuma da yawa daga cikinku sun san mu da suna guda: 'yan jiƙaƙƙen wando. A daminar bara aka laƙaba mana shi, saboda kusan kullum da safe mukan iso makaranta bayan wandonmu sharkaf. Mun sha dariya, mun yi shiru. Yau muna so mu faɗi abin da ya jawo haka, da abin da muka koya daga baya.

Babanmu yana da mashin Bajaj Boxer wanda ya saya tun muna firamare. Da shi yake zuwa gona, da shi yake kai albasa kasuwa, da shi yake kawo mu makaranta nan Bodinga. Da shi kuma yake zuwa Shagari duk wata ya ɗauko Kakarmu, ya kawo ta asibiti a duba hawan jininta. A da Kaka mota take shiga, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sai mashin ya zama shi ne motar gidanmu.

Injin lafiyarsa lau, kushin ne ya mutu. Ledarsa ta tsage, Baba ya rufa masa buhu ya ɗaure da robar tsohon tub. Idan aka yi ruwa da dare, soson ciki ya sha ya ƙoshi, da safe mu zauna ya matse a jikinmu. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ga ƙuna, ga ƙarfen ƙasa yana dukanmu a kowane rami. Mun yi ta ƙorafi, Baba yana cewa, "Ku yi haƙuri ɗiyana, mashin dai yana tafiya."

Ranar da magana ta canza, Baba ya je Shagari ya dawo shi kaɗai. Kaka ta ƙi hawa. Ta ce zuwan da ya wuce kwana uku ta yi ba ta iya miƙewa sosai saboda ciwon ƙugu, har salla a zaune ta yi. Ta ce masa, "In dai bisa ƙarfen nan ne, gara ka bar ni da ciwona." Ranar asibitinta ta wuce, ga maganinta ya kusa ƙarewa. A daren Baba bai ci tuwo sosai ba. Shi da yake zama a gaba, inda soson bai gama mutuwa ba, bai taɓa sanin abin da na baya yake sha ba.

Da ya sayar da albasa, sai ya ce mu raka shi, tunda mu ne masu zama. Mun fara da shagon kayan mashin. Nan muka ga sabon kushin mai ƙyalli, da jan zane a gefe, ga laushi kamar fulo, ga araha. Mu biyu muka ce shi muke so. Baba ya ce mu tsaya mu ji ta bakin mai ɗinkin kushin tukuna.

Dattijo ne, yana zaune a ƙarƙashin rumfa da keken ɗinkinsa. Da muka ba shi labarin mai ƙyallin, sai ya yi murmushi, ya miƙo mana guntayen soso biyu, ya ce kowa ya danna da babban yatsa. Na farko yatsa ya nutse har ƙasa. Na biyu ya ɗan lotsa, ya dawo nan take. Ya ce mai laushin nan daɗinsa na minti goma ne. Idan tafiya ta yi nisa sai ya kwanta, mutum ya koma zaune a kan ƙarfe. Abin da ke riƙe nauyi shi ne soso mai tauri a ƙasa, sannan a shimfiɗa siririn mai laushi a sama.

Ya nuna mana wasu abubuwa da ba mu taɓa lura da su ba. Idan bayan kushin ya gangaro gaba, duk lokacin da aka taka birki fasinja zai zame ya faɗa wa direba, don haka wurin na baya ya zama shimfiɗaɗɗe, mai faɗi. Idan aka cika tudu, ƙafar direba ba za ta taka ƙasa da kyau ba in ya tsaya, kuma wannan haɗari ne ga mai ɗauke da tsohuwa. Leda mai santsi tana zamar da mutum, gara mai ɗan kaushi. Ɗinki kuma a gefe ake yin sa, domin in yana sama ruwa zai bi ramukan allura ya shiga. Kafin a rufe, a naɗe soson da farar leda. Da mun san wannan tun bara, da ba mu samu sunan da kuka sa mana ba.

Ya juya tsohon kushin ɗinmu, ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya ce bai tsage ba, kuma ramukan notinsa sun dace da mashin ɗin, abin da ba kowane sabo ke yi ba. Shawararsa ita ce a bar gindin, a sake soso da leda. Kuɗin ya ɗan fi na mai ƙyallin. Baba ya yi jim, ya lissafa abin da ke aljihunsa, ya ce, "Malam, araha ba ta ado. Yi mana mai kyau." Dattijon ya ƙara da cewa a kai wa makanike ya duba shokozoba ta baya, don in ta mutu ba kushin ɗin da zai hana duka.

Kafin ya ja leda ya buga mata fin, sai ya ɗora soson a kan mashin, ya sa Baba ya hau, mu ma muka hau bi da bi. Ya tambaye mu inda yake danna mu, ya sa wuƙa ya rage nan, ya ƙara can. Ba a taɓa tambayarmu irin wannan ba.

Ranar Asabar Baba ya kama hanyar Jega, wadda ta bi ta Shagari. Kaka ta fito, ta danna kushin ɗin da hannu, ta hau. Da suka iso gida ta sauka da kanta, ta ce, "To, yanzu ka yi mashin." Ranar Litinin ta ga likita, ta karɓi maganinta.

'Yan uwa, kusan kowane gida a nan akwai mashin, kuma yawancinmu a baya muke zama. Idan kushin ɗinku ya lalace, ku faɗa wa iyayenku cikin ladabi, kada ku jira sai wani ya ƙi zuwa asibiti. Malamanmu masu mashin kuma, in za ku sake kushin, ku tafi da wanda kuke goyawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Damina ta sake zagayowa, kuma wandonmu a bushe yake. Muna roƙon a sake mana suna.