Ɗaukar Hoto da Dare a Diggi

 Zancenmu na wannan mako a kan ɗaukar hoto ne da wayar hannu bayan faɗuwar rana. Da yawa sun gwada sau ɗaya, suka ga hoton ya fito baƙi ƙirin ko dishi-dishi, suka ce laifin waya ne, suka bari. To, ku biyo ni Diggi mu ga ko haka ne.

Diggi gari ne a ƙaramar hukumar Kalgo, cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Ƙasar manoma ce, ta gero da shinkafa. Da rana kowa yana wurin aikinsa. Sai bayan magariba garin yake samun kansa. Mai shayi ya kunna fitila, mai tsire ya hura wuta a tuƙuba, yara su kewaye wuta da allunansu, in kuwa farin wata ne a ji tafin 'yan mata a dandali. A cikin gida ma, a lokacin nan ne uwargida take samun zama, tsohuwa ta ja jikoki da tatsuniya. Amma ku duba wayoyinku, hotunan biki da na Salla ne, kusan duk na rana. Ga shi fitila mai caji tana korar aci-balbal da fitilar ƙwai. In ba mu ɗauki wannan zama yanzu ba, jikokinmu sai dai su ji labari.

Kafin ki fara, ki gane abu ɗaya. Kyamara kamar randa take, haske kuwa kamar ruwan sama. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, nan da nan ta cika. In yayyafi ne, tilas ki bar ta a buɗe ta daɗe, kuma kada ki gusar da ita. Da rana idon kyamara yana buɗewa ya rufe cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Da dare kuwa yakan so sakan ɗaya, ko biyu, ko fiye, duk abin da ya motsa a tsakanin nan sai ya shafe. A 1838 wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ya ɗauki hoton wani titi mai cunkoso a birnin Paris. Da yake kyamarar zamanin tana bukatar mintoci, kekunan doki da masu wucewa duk suka ɓace, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi ya fito. Watau wanda ya natsu shi hoto yake kamawa.

A daren farko, ki kife turmi a tsakar gida, ki jingina wayar da ƙunshin zane a kansa. Ki goge idon kyamarar da tsumma mai tsabta, gama maiƙon yatsa shi ke sa fitila ta yi jela a hoto. Sa'an nan ki sa jinkirin sakan 3, don kada dannawar yatsanki ta girgiza ta. Ki fara da zarar rana ta faɗi. A ƙasarmu hasken magariba gajere ne, bai fi kamar minti 20 ba, amma a cikinsa sama takan yi shuɗi, rumbu da bishiya su fito baƙaƙe a gabanta, fitilun gari kuma su yi ja. Babu lokacin da ya fi shi sauƙi ga mai koyo.

A dare na biyu ki gwada fuskar mutum, ki kuma kashe filasha. Haskenta ba ya nisa. Wanda yake taku huɗu daga gare ki, rubu'in hasken da na taku biyu ya samu kaɗai yake samu. Saboda haka na gaba ya yi fari fat, na baya ya nutse cikin duhu. Da hunturu kuwa ƙura take haskawa, hoton ya cika da ɗigo-ɗigo. Maimakon haka ki ajiye fitila a gefen fuskar iyarki, kada a bayanta, ki taɓa fuskar a jikin wayar don ta daidaita haske a kanta, ki roƙe ta ta natsu har ki ƙirga uku. Tun wajen 2018 wayoyi da dama suna da tsarin dare, alamarsa jinjirin wata. Shi hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗa su wuri ɗaya, don haka kada ki ɗaga wayar sai ya gama.

Dare na uku na sama ne. Wata ɗan daren goma sha huɗu, duk da kyansa, hasken rana ya ninka nasa kamar sau 400,000. In kika auna shi kai tsaye, fari kawai za ki samu kamar curin auduga. Ki ɗauki abin da ya haska, katanga, ko inuwar itace a ƙasa. Taurari kuwa sai daren duhu, bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauko. In wayarki tana barin ki zaɓi lokaci, ki ba ta sakan 10 zuwa 15, ki nemi Kaza da 'Ya'yanta a gabas. In kika wuce rabin minti taurarin za su fara jan layi, domin duniya juyawa take yi.

Saura magana mai nauyi. Duhu ba ya ɗauke wa kowa haƙƙinsa. Kada ki ɗauki matar aure ko yarinya sai da yardarta da ta mutanen gidanta, kada kuma ki tura hoton a WhatsApp ko Facebook sai kin sake tambaya, gama abin da ya fita ba ya komowa, yana kuwa iya ɓata aure ko zumunci. Ku 'yan makaranta, kada ku fita da dare sai da izini, kuma tare da babba.

Hoton da ya yi kyau, ki kai a wanke miki, ki rubuta suna da wuri da shekara a bayansa, ki adana cikin akwati. Waya takan lalace ko ta ɓata, takarda kuwa tana jiran jika.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.