Ranar da na kai Yaya cin abincin manya a Legas

Ni ɗan Jama'a ne, ta ƙaramar hukumar Gwarzo. A garin mu ba a ƙirga baki kafin a zuba tuwo. In ka tarar ana ci, bisimilla za a yi maka, ka wanke hannu ka zauna. Da wannan tunanin na shiga wani gidan abinci a Victoria Island a Disambar 2023, kuma sai da na yi wata huɗu ina biyan bashin wannan shigar.

Maigida na ne ya aike ni Legas sayo fitilu da batiran kyamara a kasuwar Alaba. Na sauka wajen Yaya, ɗan wan baba na, mutumin Kabo, wanda ke sayar da albasa a Mile 12. Shi ya biya mani kuɗin jarabawa sanda na gama sakandare, ban taɓa yi masa komai ba. Sai na ce bari wannan karon in fitar da shi kunya, in kai shi irin wurin nan da mu ke gani a fim, inda Alhaji ke ɗaga hannu a kawo masa takarda.

Na ga wurin a waya. An rubuta abin da su ke kira testin menu, ni dai na raɗa masa jerin ɗanɗano: kala tara, naira dubu sittin. Na ce kala tara ai ko mutum biyar ne sun ƙoshi. Na kama teburin mutum biyu, su ka ce sai na ba da kafin alƙalami, na tura.

Da magariba sai ga Yaya da abokan sa biyu na kasuwa. Ya ce, "Ƙane na ya gayyace mu walima." Me zan ce? Na ce, "Ai ya yi kyau, Yaya."

Tun daga ƙofa aka fara. Kaftani da hula ba su da matsala, amma ɗaya daga cikin mutanen silifas ya sa, kuma dokar su ba a shiga da silifas. Direban tasin da ya kawo mu ne ya ba shi aron takalmi, Allah ya saka masa. Sannan aka ce teburin mutum biyu na kama. Mu ka tsaya kamar minti ashirin kafin su haɗa mana na huɗu.

Da mu ka zauna na jawo yarinyar da ke hidima, na ce a kawo jerin guda ɗaya mu haɗu a kai. Ta yi murmushi, ta yi mani bayani a hankali yadda su Yaya ba za su ji ba. Dubu sittin ɗin nan na mutum ɗaya ne. Ba a rabawa. Kuma in mutum ɗaya a tebur zai ci jerin, dole kowa ya ci, ba a yarda wani ya ce shi shinkafa kawai zai ci ba. Wallahi a take gumi ya keto mani, ga kuwa na'urar sanyi ta na ta aiki. Na kalli Yaya ya na ta nuna wa abokan sa fitilun silin. Na ce mata a kawo.

Mai karatu, a lokacin cuta na ɗauke shi. Daga baya, da na zauna da wani da ya yi aikin kicin a otal a Abuja, na gane lissafin. Irin wannan wuri kujerun sa kaɗan ne, masu girki kuma da yawa. Teburin da ka zauna, kai kaɗai za ka zauna a kan sa duk daren, don cin ya kan kai awa biyu da rabi ko uku. Cefanen ranar an yi shi ne daidai yawan kawunan da su ka kama wuri, shi ya sa su ke karɓar kuɗi tun farko, in ba ka zo ba kuma su riƙe. Abincin kuma a jere ya ke fitowa daga kicin, kowane kala a lokaci ɗaya ga duk teburin, to in ɗaya ya zaɓi wani abu daban ya ɓata masu tsari. Wato kujera da lokaci da aikin hannu ka ke saya. Ƙoshi ba ya cikin cinikin.

Kala na farko da ya iso, Yaya ya leƙa farantin ya ce, "Wannan na ɗanɗana gishiri ne ko?" Loma ɗaya ce tak, a tsakiyar faranti mai faɗin faifai. Amma gaskiya ɗaya ce, da daɗi. Akwai wani kifi da aka yi wa miya da daddawa, akwai acca da aka dafa ta yadda ban taɓa ci ba. Kowane kala sai an tsaya an ba ka tarihin sa kafin ka sa a baki.

Abu ɗaya da na yi daidai shi ne tambaya kafin a fara. Su na da jerin abin sha da ke bin kowane kala, kuma giya ce, kuɗin ta daban. Na ce ba ma sha. Na kuma tambaya ko akwai naman alade ko miyar da aka dafa da giya, ta ce akwai kala ɗaya, aka canza mana. Ta ce da tun ranar da na kama tebur na faɗa, da ya fi masu sauƙi. Ta kuma yi mana tayin ƙarin wani nama na musamman, na ce a'a da sauri, don na lura duk abin da aka kira ƙari da kuɗin sa ya ke tafe.

Sai takarda ta zo. Dubu ɗari biyu da arba'in na abinci. A ƙasa kashi 10 cikin ɗari na hidima, sai harajin VAT kashi 7.5, wanda haka ya ke a Nijeriya tun 2020, sai kuma kashi 5 na Jihar Legas da ta ke karɓa a otal-otal da gidajen abinci. Dubu 294 ke nan, ban da ruwan kwalba da mu ka yi ta sha mu na zaton kyauta ne. Ya haura dubu ɗari uku. An cire abin da na tura tun farko, sauran na biya da kuɗin fitilun maigida. Washegari na kira shi na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce za a riƙa cirewa a albashi.

Wannan tsarin daga Turai ya zo, kuma masu raba darajar sa kamfanin taya ne na Faransa, Michelin. A 1900 su ka fara buga littafin jagora ga direbobi, a 1926 su ka fara ba gidajen abinci tauraro. Abin da ya ba ni dariya shi ne, a 2024 wani gidan abinci a Landan ya samu tauraron nan, sunan sa Chishuru, wato ci shiru da Hausar mu. Mai shi, Adejoke Bakare, a Kaduna ta tashi, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta samu tauraron a Ingila. Har sinasir ta sa a jerin ta. Sinasir fa, wanda inna ta ke yi ranar Sallah!

Da mu ka fito ƙarfe goma sha ɗaya saura, aka mayar wa direba takalmin sa. Yaya ya dafa kafaɗa ta ya ce, "Allah ya yi albarka, mun ga duniya." Sai ya sunkuyo ya ce wa direban ya bi da mu ta Obalende. A can ya sayi tsire da burodi, mu ka zauna a benci mu huɗu, har da direban na biyar, mu ka ci a takarda ɗaya. Na sa hannu a aljihu, ya buge hannun ya ce, "Kai ka yi naka."

Har yau bai san nawa na biya ba. Da ya zo gida Sallar da ta biyo baya, na ji shi a ƙofar gida ya na ba mutane labarin kifin nan mai daddawa, ya na cewa kala goma sha biyu aka kawo mana.