Kai! Ashe Ana Gina Daula a Cikin Kwamfuta



Akwai wasan kwamfuta da ba a tuƙa mota, ba a buga ƙwallo. Daula ake ginawa. Daula sukutum!

Na kunna Civilization, sai ga allo a rufe ruf, 'yan mutanena tsaye a bakin kogi. Na matsa taku ɗaya, duhu ya yaye. Ga dutse, ga daji, ga dawaki suna kiwo! Na kafa gari. Gari ya haifi gari. Aka gano rubutu, aka buɗe kasuwa, aka ja ganuwa. Can sai ga wani sarki ya ɓullo, wai ƙawance ko yaƙi? Ka ce bari in yi zagaye ɗaya in kwanta. Ina! Sai kiran assalatu.

To mene ne ainihin irin wannan wasa? Ayyuka huɗu ne: ka leƙa duniya, ka faɗaɗa ƙasa, ka ci moriyar arzikinta, ka murƙushe abokan gaba. Saboda su ne wani marubuci, Alan Emrich, ya raɗa masa suna 4X a 1993, lokacin da yake bayanin wasan Master of Orion, inda taurari ake mamayewa. Civilization na Sid Meier kuwa tun 1991 ya fito. Kuma abin daɗin, ba dole sai da takobi ba. Da ilimi ma ana cin wasan!

Amma tsaya, ga inda na miƙe tsaye. A Civilization VII na 2025, cikin shugabannin da ake zaɓa akwai Amina. Sarauniya Amina ta Zazzau! Tamu, tamu ɗin nan! Sojojinta har ƙarin ƙarfi suke samu a fili da hamada.

Europa Universalis IV fa? Taswirar 1444 ce, ga Kano, ga Katsina, ga Zazzau, kowacce kana iya riƙe ta. Wasu sun ce gidansa daban da na 4X, tunda ƙasar a kafe ka same ta. Ni dai a wurina ɗan'uwa ne na jini.

Age of Empires III ma ya shigo da Hausawa a 2021, da mahaya 'yan lifidi, mutanenka na amsa maka da Hausa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi! Sai dai shi yaƙi ne gabansa, gari don tara runduna ake gina shi. Maƙwabci ne, katanga ɗaya.

Clash of Clans na waya kuwa, ƙauye ne da kai hari. Babu duniyar leƙawa, ba ya cikin 4X.

In za ka fara, ɗan'uwa, fara da Civilization VII. Ka zaɓi Amina!