Neman tasar tagulla daga Kwangila zuwa cikin birni

Motar da na shiga daga Funtuwa ta sauke mu a Kwangila da hantsi, bayan mun ratso Giwa da Shika da Samaru. Wanda ya san Zariya ya san wurin: gadar babban titin Kaduna zuwa Kano a sama, a ƙasa kuwa 'yan kamasho na ta kiran fasinja, masu rake da masu lemo na bin tagogin motoci. 'Yata ta fari ce za ta yi aure bayan Sallah. An gama da gado da kujeru da kuloli, amma raina ya ƙi kwanciya, ina so a cikin jerenta a sami abin da ya girme ta, ya girme ni: tasar tagulla irin ta Bida, da fanteka mai fure, in da hali har da akushi. Na mahaifiyata sun watse tun lokacin rabon gado. Aka ce mini in dai irin waɗannan ne, in nufi Zazzau.

Ban yi nisa da gadar ba na hango wurin 'yan gwangwan a gefen titi, samari na turo kura cike da tarkace, ana ɗorawa a sikeli. Na tsaya. A cikin tulin na ga gindin fitilar ƙwai, da dutsen guga na gawayi wanda zakaran murfinsa ya karye, da ƙafar gadon ƙarfe. Can ƙasa sai ga tasa, an buge ta da guduma ta lanƙwashe don ta shiga buhu, amma zanen da maƙeri ya yi mata da hannu yana nan raɗau a gefenta. Na yi wa mai wurin sallama, na tambaye shi ko akwai wadda ba a taɓa ba.

"Hajiya, ai mu kilo muka sani," in ji shi. "In tagulla ce ko jan ƙarfe kuɗinsu daban, mu tara a loda a mota. In alminiyum ne masu zubin tukwane su kwashe. Da kin zo jiya da kin tarar da guda biyu lafiyayyu."

Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema, kuma sana'arsu na rage shara a gari. Amma zuciyata ta sosu. Wata mata ta goge wannan tasa da toka da tsamiya shekara da shekaru, ta kai wa surukai tuwo a ciki, yanzu ƙimarta ta koma abin da allurar sikeli ta nuna.

Daga nan na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari, muka bi ta PZ. Sunan nan na kamfanin Paterson Zochonis ne, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC da suka kafa kantuna kusa da tashar jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Zariya wajajen 1911. Ta wannan hanya auduga da gyaɗa suka riƙa fita, atamfa da kwanuka suka riƙa shigowa, har kwano ya ture ƙwarya daga ɗakin amarya. A kasuwar Sabon Gari na leƙa shagunan masu kayan Beljiyam. Akwai tangaran masu kyau, da kofunan shayi, da agogon bango, duk gwanjon gidajen Turai. Na duba na ajiye. A can ƙasashensu akwai shaguna na musamman na tsofaffin kayan gida, inda tsufan abu ke ƙara masa kuɗi. Abin da suka tsame suka bari shi ake loda mana. Ba tsohon wasu na zo nema ba.

Na ƙetare Kubanni na shiga Tudun Wada. A kasuwa na sami wani dattijo mai sayar da kwanuka da robobi, na faɗa masa buƙatata. Ya girgiza kai ya ce irin wannan kaya ba ya zuwa rumfa, a hannun dillalai mata yake, daga ɗaki zuwa ɗaki. Ya kira wata jikarsa ya ce ta raka ni cikin birni wurin wata tsohuwa da ya sani.

Muka shiga ta Ƙofar Doka, muka sauka kafin Babban Dodo, muka kama lungu. Zauren gidan ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga, irin aikin da Zazzau ta yi suna da shi tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19. Da na ɗaga kai sai na ga faranti mai fenti manne a tsakiyar rufin, daidai inda bakunan suka haɗu. Magina na da sun san kwano abin ado ne.

Tsohuwar na zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale. Na durƙusa.

"Inna, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Maraba. Daga ina?"

Sai da na sha ruwa, ta tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, ta sa wa auren albarka, sannan ta aiki yarinyar ta jawo kaya daga ƙarƙashin gadonta mai rumfa. Langa-langa suka fito ɗaya cikin ɗaya, da samira saiti guda wadda murfi ɗaya ya ɓata, da fanteka uku, da daro, da tasoshi naɗe cikin tsohon zane.

A nan na sami karatun da ban zo da niyyarsa ba. Ta ɗauki fanteka ta ƙwanƙwasa da farce ta ce in saurara: mai lafiya tana amo mai tsawo, wadda ta tsage muryarta a dushe take. Ta ce in ɗaga ta saitin ƙofa in duba ko haske na ratsa gindinta, domin duk inda fenti ya ɓantare nan tsatsa ke fara ci. Ta ɗora mini tsohuwa a hannun dama, sabuwa a hagu, nauyin kaɗai ya raba gardama. Na kifa ɗaya na ga tambarin Cekoslobakiya, ƙasar da ta rabu biyu tun 1993, ga kwanonta nan garau a cikin birnin Zariya. Wata kuma ta Hong Kong ce. Masu sauƙin nauyin yawancinsu ƙirar gida ne, daga masana'antun da 'yan kasuwar Hong Kong suka zo suka kafa a Legas da Kano tun wajajen samun 'yancin kai a 1960, abin da ya sa kwano ya yi arha har amaryar ƙauye ta iya cika bango da shi.

Na nuna wata fanteka mai jan fure, na tambaye ta ko ta wace ce. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, dillaliya ba ta faɗin mai kaya. Ranar da na faɗa, ranar sana'ata ta mutu." Daga nan ta yi mini bayani a hankali. Kayan ɗaki na mace ne, ba na miji ba. Uwa takan fara tara wa 'yarta tun tana talla, da kuɗin ƙuli-ƙuli da na adashi. In ciwo ya zo, ko auren ƙanwa, ko mace na son jarin sana'a, sai ta zare kwano biyu daga ƙasan jere, ta aika wa dillaliya da daddare, ba wanda ya ji. Ita kuma ta kai gidan da ake shirin biki, ta ɗauki la'adarta. Wato jeren nan da ake gani kamar ƙawa ce kawai, shi ne asusun matan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Na tuna a Giwa da na ratso da safe ne wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, littafin da ya fito a 1954. Ba don wannan zama ba, da abubuwa da dama na rayuwar kakanninmu mata sun tafi da su kabari. Abin da ya rage na waɗanda ba a rubuta nasu ba, yawancinsa a jikin waɗannan kwanuka yake.

Ta ce yanzu kasuwar ta ja baya. Amaren yau kula suke so da tangaran da kayan wuta, ba mai son abin da sai an goge. Magada kuma in tsohuwa ta rasu, sai su kira mai kura ya auna, a raba kuɗin a huta.

Muka zo ciniki. Na taya tasa guda mai zanen ganye da murfinta, ta ce albarka. Na ƙara, ta ce mai kayan ba za ta yarda ba. Na sake ƙarawa na haɗa da fanteka mai jan furen, ta yi shiru tana lissafi da yatsu, sannan ta ce, "Na sallama, Allah Ya sa ta ci a ciki da 'ya'yanta." Ban matsa da neman ragi ba, don na san akwai wata a bayan labule da ke jiran kuɗin nan.

Akushi kam na gan shi, baƙi wuluk yana sheƙi, an ɗaure tsagarsa da waya, faifai a kansa. Na miƙa hannu ta ce a'a, wannan na uwarta ne, a ciki take cin tuwo har gobe, don ba ya barin tuwo ya huce da wuri. Na ji daɗin wannan a'a ɗin ƙwarai. Na yi la'asar a ɗakinta, ta naɗe mini kayan a zane, ta rako ni har bakin zaure.

Gidan Makama a Kano ya adana wasu daga cikin irin waɗannan kaya, amma gidan tarihi ba zai iya ɗaukar na kowa ba. 'Yan'uwana mata, da ku maza masu zaman rabon gado, in kun buɗe ɗakin tsohuwa kun tarar da tasa ko akushi ko fanteka, kada ku kira mai sikeli. A yi musu kuɗi, ɗaya daga cikin magada ya fanshe su a cikin kasonsa. Wadda kuma kakarta ke raye, ta je ta tambaye ta wa ya saya mata kowane kwano, a wace kasuwa, a auren wa, ta rubuta ta ajiye tare da kayan.