Allurar Sinawa da Ƙarar Kunne: Abin da Na Gano a Guangzhou

Bahaushen da ya je Guangzhou yawanci hanyarsa sananniya ce: masauki a Xiaobei ko Sanyuanli, kasuwar kaya, wurin masu lodin kwantena, sai masallaci ran Juma'a. Kaɗan ne ke karkatawa yamma zuwa gundumar Liwan, inda kasuwar Qingping take daf da tsibirin Shamian. Can babu atamfa babu waya, sai saiwoyi da sassaƙe da busassun furanni buhu-buhu, da ɓawon lemo da aka adana shekaru, wanda tsufansa ke ƙara masa kuɗi. Hanci ne ke fara gaya maka ka iso.

Rakiya ce ta kai ni wannan ɓangare na birnin. Wani dattijo ɗan kasuwa, aminin mahaifina da muke kira Baffa, korona ta kwantar da shi ya tashi, amma ta bar masa gajiyar da barci ba ya kashe ta, da wata ƙara a kunnen hagu mai kama da kukan gyare, dare da rana. Ya ce da rana hayaniyar kasuwa tana rufe ta. In dare ya raba kowa ya kwanta, sai ta zama ita kaɗai ce a duniya.

Irinsa suna da yawa a ƙasar. A Disambar 2022 gwamnatin Sin ta sassauta dokokin kulle, cutar ta ratsa birane cikin 'yan makonni, bayanta kuma asibitoci da dama suka buɗe sashe na musamman don waɗanda suka warke amma jiki bai dawo ba: tari, faɗuwar gaba, kasala, rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2021 ta ba wa wannan hali iyaka: alamun da ake gani wata 3 bayan kamuwa, su yi aƙalla wata 2 ba tare da an sami wani dalilinsu ba.

Asibitin gargajiyar da muka je ya ba ni mamaki tun daga ƙofa. Bene ne mai hawa da yawa, da likitoci cikin farar riga, da ɗakin gwajin jini, da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Kafin kowa ya yi maganar allura, sai da aka leƙa kunnen Baffa, aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai toshe sauti aka auna jinsa. Sakamakon ya nuna jin siririn sauti ya ragu a kunnen. Da wannan takarda a hannu muka shiga wurin likitar gargajiya.

Ta ce ya fito da harshe, ta duba launinsa da farin da ke kansa. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na dama, ta koma na hagu, ta daɗe shiru. Sannan tambayoyi suka biyo ta bakin tafinta, har Baffa ya fara kallona. Ƙarar siririya ce ko mai rugugi? In ya danne kunnen da tafin hannu tana raguwa ko ƙaruwa? Yana zufa da dare? Ƙugu da gwiwa suna ciwo? Bakinsa na ɗaci da safe? Fushi na tayar da ita? Amsoshin ne ke raba majinyata gida-gida. Ƙara mai ƙarfi da ta zo farat ɗaya, tare da jan ido da saurin fushi, likitocin gargajiyar Sin suna jingina ta ga zafin hanta. Siririya wadda ta daɗe, mai tsananta da dare, ga raunin ƙoda, domin tsohon littafinsu Huangdi Neijing, mai shekara sama da 2,000, ya haɗa kunne da ƙoda. Sai dai a kula: ƙodar da suke nufi ma'ajiyar ƙarfin jiki ce a tsarinsu, tana iya yin "rauni" alhali gwajin ƙoda na asibiti lafiya lau.

Alluran sun fi na ɗinki siranta nesa ba kusa ba, kowace a cikin ledarta, in an cire a zubar. Ta tsira uku a jere a gaban kunne, a wuraren da suke kira Ermen da Tinggong da Tinghui, bayan ta sa ya buɗe baki. Ɗaya a ramin bayan fatar kunne, wasu a bayan hannu da kusa da idon sawu. Cikin wurare 361 da aka ƙididdige a jiki ta zaɓo su. Ya kwanta kusan rabin awa. Na ce, "Baffa, da zafi?" Ya ce a'a, nauyi ne da ɗan tsami. A gadon kusa ana yi wa wata tsohuwa ƙaho da kofunan gilashi, wanda ba a tsaga fata; wanzamin garinmu da ya gani zai gane aikin nan take.

Tambayar da ta dame ni ita ce ko allurar tana kashe ƙarar. Gaskiyar da bincike ya nuna ba ta kai yadda masu talla ke faɗa ba. An yi gwaje-gwaje da dama, amma mafi yawansu ƙanana ne, kuma inda aka kwatanta da allurar bogi sau da yawa bambancin ba ya fitowa fili. Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a jagorarta ta 2014, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba, saboda hujjar ba ta isa ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne na'urar ƙara ji ga mai raunin ji, da zaman koya wa zuciya daina firgita da ƙarar. Ganyen ginkgo kuwa, wanda ake sayarwa ko'ina da sunan maganin kunne, cewa ta yi kada a ba da shi.

Duk da haka ban raina abin da na gani ba. Mutanen nan sun daɗe suna nazarin jikin da annoba ta bi ta kansa. Zhang Zhongjing ya rubuta Shanghan Lun wajen shekara ta 200 bayan cuta ta kwashe yawancin danginsa. Kuma daga irin tsofaffin littattafan nan Tu Youyou ta samo hanyar tatso maganin zazzaɓin cizon sauro daga tazargade, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Sai dai ita ta bi ta ɗakin gwaji kafin duniya ta karɓa, matakin da yawancin magungunan kunne ba su tsallake ba tukuna.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne magungunan sha, musamman da na ga yadda 'yan uwanmu ke sayen kwalaye su tura gida tsaraba. Erlong Zuoci Wan, mai garin mayen ƙarfe a ciki, na mai raunin ƙoda ne. Longdan Xiegan Wan na mai zafin hanta ne. A wurinsu ba wa wannan maganin wancan ɓarna ce. Na biyun ma yana da tarihi mai ɗaci: wani itace da ake sa masa a da ya lalata ƙodar mutane da dama, har hukumar Sin ta haramta itacen a 2003. Akwai kuma ejiao, da ake ba wanda ya tashi daga jinya don ƙarin jini. Da fatar jaki ake yin sa, kuma buƙatarsa ce ta yi ta kwashe jakunan yankinmu har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ta biyo baya da haramta yanka su don fata a 2024.

Baffa ya ci gaba da zuwa har muka bar garin. Barcinsa ya gyaru, ya daina zabura da tsakar dare, amma ƙarar tana nan. Likitar ba ta yi masa alkawarin za ta tafi ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa shan kwinin da yawa ko an yi masa allurar jentamaisin, don su ma suna taɓa kunne, ta ce ya nemi na'urar ƙara ji in ya koma gida. Ta kuma ja kunnensa cewa duk ranar da ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada ya tsaya neman allura ko saiwa, ya tafi wurin likitan kunne a ranar, domin maganin wannan a makonni biyun farko ya fi aiki.