Jirgin da Bai Zo Ba

A Maraɗi akwai wani dattijo tela, shekarunsa sun kai sittin. A Jos aka haife shi, gama mahaifinsa ya tafi can tun yana saurayi, ya sami aiki a reluwe cikin masu gyaran layin dogo. Mutum ne marar yawan magana, yakan fita da asuba ya dawo a gajiye, ba ya zama hira da yara.

A tsakiyar shekarun 1970, wani maƙwabcinsu akawun tasha ya sayi talabijin. Da maraice yaran unguwa sukan cika ɗakinsa, su zauna a ƙasa. A nan yaron ya ga wani wasa na Turawa wanda bai rabu da zuciyarsa ba. Rami ne mai duhu, da layin dogo a cikinsa, sojoji suna tafiya da fitila, wani abu fari kamar saƙar gizo-gizo yana cika ramin, ga kuma dodanni masu gashi. Yara suna ta jira jirgi ya ɓullo, amma har wasan ya ƙare bai zo ba.

Wani dare mahaifin ya zo kiransa gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga layin dogo, sai ya shigo ya zauna kusa da ɗansa. Can ya sunkuyo ya ce, "Ka gani, yaro, jirgin wurin nan da lantarki yake tafiya. Da akwai wuta a ƙarfen nan, da ba su taka shi ba." Jim kaɗan ya ƙara da cewa, "Wanda ya shimfiɗa layin nan ya san aikinsa." Ba su taɓa zama haka su biyu ba, ba su kuwa sāke ba.

Sa'ad da mahaifin ya bar aiki suka komo Maraɗi, a nan kuma ya rasu. A wancan lokaci ƙasa ce da jirgi ba ya ratsa ta, sai mutum ya gangara Kano ko Ƙauran Namoda kafin ya ga layin dogo. In telan ya ba da labarin wasan a shagonsa, sai a yi dariya, a ce, "Jirgi a ƙarƙashin gari, sai ka ce gafiya? Mafarki ka yi." Yau da gobe har shi ma ya fara shakka. Abin ya dame shi ƙwarai, gama idan wasan mafarki ne, ashe zaman nan da mahaifinsa ma mafarki ne.

Saboda haka ya shiga nema, ko da yake bai san sunan wasan ba. Da zamanin bidiyo ya zo, duk sa'ad da ya je Kano sayen yadi yakan bi ta wurin masu kaset. Wani ya ba shi The Railway Children, fim na 1970 da aka ɗauko daga littafin E. Nesbit na 1906, labarin yara uku masu ɗaga wa jirgi hannu. Ya ji daɗinsa, amma ba shi ba ne. Wani kuma ya ambata masa Casey Jones, wasan Amurka na 1957 a kan direban jirgi. Wannan a fili jirginsa yake gudu, da hayaƙi da usur. Sau biyu ya koma Jos, ya tambayi abokan ƙuruciya, kowa ya ce ya manta.

Akwai dalilin da ya sa neman ya yi wuya. A shekarun 1960 da 1970 faifan ɗaukar hoto yana da tsada, don haka gidan BBC na Ingila yakan goge tsohon wasa ya ɗauki sabo a kai, sai a 1978 aka daina. Amma kafin a goge, akan kwafe waɗansu wasanni a kan fim mai faɗin milimita 16, a zuba a gwangwani, a sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. In wannan tasha ta gama nunawa sai ta aika wa ta gaba, ta ƙarshe kuwa ta mayar ko ta lalata.

'Yarsa ce ta warware masa. Wata rana ta ce, "Baba, sāke faɗa mini abin da ka gani, a hankali." Ta rubuta da Turanci a wayarta, ba a daɗe ba ta miƙo masa hoton dodon. Hannunsa ya yi rawa.

Sunan wasan Doctor Who, wanda BBC ta fara a 1963. Labarin da ya gani shi ne The Web of Fear na 1968, kashi 6, Patrick Troughton ne babban ɗan wasan. Ramin kuwa hanyar jirgin ƙarƙashin birnin Landan ce, wadda aka fara buɗewa a 1863. Shekaru da yawa kashi na farko kaɗai ya rage a hannun BBC. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani Bature mai neman tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 na Doctor Who da suka ɓata, 4 daga cikinsu na wannan labari, har yawan waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97. A ina ya same su? A ɗakin ajiya na wani gidan talabijin a Jos.

Dattijon ya yi shiru. Ashe sau biyun da ya je yana tambaya, gwangwanayen suna nan cikin garin, ƙura ta rufe su.

Suka kalla tare. A kashi na farko wani saurayi ya sauka kan layin, babbansu ya gargaɗe shi a kan lantarki, sa'an nan suka gane an yanke wutar. Daidai abin da mahaifinsa ya faɗa ke nan, shi da bai iya Turanci sosai ba. Yarinyar ta karanta masa kuma cewa ramin ba na gaske ba ne, a ɗakin ɗaukar hoto aka gina shi, har ana cewa hukumar jiragen Landan ta yi ƙorafi, tana zaton an shiga raminta ba izini. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, ba tsohona kaɗai suka ruɗa ba."

Kashi na 3 bai dawo tare da sauran ba. Morris ya ce ya gan shi a Jos, amma ya ɓace kafin a kwashe kayan. Muryoyin dai sun tsira, domin waɗansu masu kallo a Ingila sun ɗauki sautin a rakodarsu tun 1968, a 2021 kuma aka yi masa zanen hotuna masu motsi.

Ka duba, mai karatu, abin da babban gida ya goge, 'yan kallo ne suka adana muryarsa, gwangwanin da ba a zubar ba kuma ya adana hotonsa. Dattijon ya tuna da Samanja da sauran wasanninmu na Hausa, ya ce ko akwai mai bin sawun nasu gwangwanayen? Daren nan ya sa 'yarsa ta kunna waya, ya ba da labarin kakanta tun daga ranar da ya bar Maraɗi a ƙafa.